Tun Ran Gini Ran Zane: Rigar Wasa da Amfanin Jin Gyara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon unguwa da la'asar, ko a Abaji ne, ko Gwagwalada, ko Zariya, ko Katsina, ya san abin da nake shirin magana a kai. Za ka tarar da ƙungiyoyi biyu suna fafatawa, dukkansu 'yan gari ɗaya, wasu ma 'yan gida ɗaya, amma waɗannan sun sa rigar Chelsea, waɗancan kuma ta Barcelona. Idan baƙo ya zo ya tambaya su wane ne ke wasa, sai an yi masa dogon bayani, domin babu wani abu a jikin 'yan wasan da zai nuna masa daga inda suka fito.

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in bayyana ra'ayina a kan abubuwa uku. Na farko, ya kamata ƙananan ƙungiyoyinmu na unguwanni da makarantu su mallaki rigar wasa tasu ta kansu. Na biyu, kada a kuskura a buga irin wannan riga sai an nuna samfurinta ga jama'a sun yi gyara. Na uku, ba kowace shawara ake ɗauka ba, kuma mai zane shi ne zai yanke hukunci a ƙarshe. Zan kawo misalai daga ƙasarmu da wasu ƙasashen duniya, sannan in kawo abin da na gani da idona a garinmu Abaji.

Riga tana magana

Bahaushe bai taɓa ɗaukar tufa a matsayin abin rufe jiki kurum ba. Idan ka hango mutum da babbar riga mai ja da kore a ƙofar fada, ba sai an gaya maka dogari ne ba. Alkyabba tana da masu ita, rawani mai kunne biyu yana da masu shi, haka nan aikin aska biyu da na aska takwas ba darajarsu ɗaya ba. Wato ke nan tufa harshe ce, tana isar da saƙo tun kafin mai ita ya buɗe baki.

Haka abin yake a fagen wasa. Da zarar an ga rawaya da kore a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, an san Kano Pillars ce ta fito, ƙungiyar da aka kafa a 1990, wadda ta ci gasar ƙwararru ta ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da kuma 2014. Yaron da ya sa wannan riga a Fagge ko Gwale yana faɗin wani abu ne game da kansa da garinsu. To, yaron Abaji da ya sa rigar wata ƙungiyar Landan, me yake faɗi?

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Rigar aro ma tana zuwa da kayan da mai sa ta bai yi niyyar ɗauka ba. Daga 1992 zuwa 2010 sunan da ke ƙirjin rigar Liverpool na kamfanin giya ne, Carlsberg, kuma yaranmu da yawa sun yi ta yawo da shi ba tare da sun san abin da suke talla ba. Bayan giya sai kamfanonin caca suka cika ƙirazan ƙungiyoyin Turai, har ta kai a 2006 Frederic Kanoute, ɗan wasan Mali da ke Sevilla a lokacin, ya riƙa rufe tambarin kamfanin cacar da ke gaban rigarsa. A watan Afrilun 2023 ƙungiyoyin babbar gasar Ingila da kansu suka amince za su daina sa tallan caca a gaban riga. Idan masu kaya sun fara jin kunyar kayansu, ina dalilin da mai aro zai rungume shi?

Akwai kuma wata rigar aron ta cikin gida, wato wadda ɗan siyasa kan raba idan zaɓe ya gabato, da hotonsa a ƙirji da sunan jam'iyyarsa a baya. Irin wannan riga ranta gajere ne. Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe ranar take mutuwa, kuma kafin ta mutu takan raba kan 'yan ƙungiya, domin ba dukkansu ke bin jam'iyya ɗaya ba.

Darasi daga tutar Nijeriya

Wani zai ce to, sai a sami mai iya zane ya zana, a kai a buga, magana ta ƙare. A nan ne nake da ja. Zanen farko, komai kyansa, daftari ne, kuma babu misalin da ya fi tutar ƙasarmu nuna haka.

Gab da samun 'yancin kai an shirya gasar zana tutar Nijeriya, aka kuma sami zane kusan 3,000. Wanda ya yi nasara shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi ne a Landan a wancan lokaci, aka ba shi kyautar fam 100. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, zanen da ya aika ba shi ne daidai tutar da muke gani a yau ba. A nasa zanen akwai jar rana mai haskoki a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Yau duk ɗan firamare yana iya zana tutarmu da alli ɗaya, kuma ana gane ta daga nesa. Akinkunmi ya rayu har zuwa 2023, kuma ba a taɓa raba sunansa da tutar ba don an yi masa gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Waɗanda suka buga kafin su tambaya

Tarihin wasanni cike yake da labaran manyan ƙungiyoyi masu kuɗi da ƙwararrun masu zane, waɗanda suka yi asara domin sun tsallake matakin jin gyara. Kowane labari yana nuna wani rukunin mutane da aka manta ba a tambaya ba.

Bari in fara da ƙwallon gora. Mu a nan wanda muka sani shi ne na ciyawa, irin wanda aka buga a gasar wasannin Afirka da Abuja ta karɓi baƙunci a 2003, inda Masar ta ci zinare a ɓangaren maza. A Kanada da Amurka kuwa a kan ƙanƙara ake buga shi, kuma magoya baya suna ji da rigar ƙungiyarsu ƙwarai, har wasu sun mai da zana sababbin samfura abin sha'awa, su zana su nuna wa juna a yi ta gyara. A 1995 ƙungiyar New York Islanders ta watsar da tsohon tambarinta ta kawo sabo mai hoton wani dattijon masunci riƙe da gora. Magoya bayanta suka ƙi shi, abokan hamayya kuma suka mai da shi abin ba'a, suna cewa ya yi kama da tallan soyayyen kifi. Zuwa 1997 ƙungiyar ta koma kan tsohon tambarinta. Haka ta faru da Cardiff City a Birtaniya. A 2012 mai ƙungiyar, Vincent Tan, ya sauya launinta daga shuɗi zuwa ja, magoya baya suka yi ta bore har aka mayar da shuɗin a watan Janairun 2015. Waɗannan sun manta da masu kallo.

Ranar 13 ga Afrilu, 1996, Manchester United ta je gidan Southampton da riga mai ruwan toka. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura mata ƙwallo 3. Kocinta Alex Ferguson ya ce 'yan wasansa ba sa hango juna, domin rigar tana sajewa da 'yan kallo, ya sa suka sauya riga. An tashi 3 da 1, kuma ba su sake sa wannan riga ba. A nan an manta da ɗan wasan da ke cikin fili.

A 2002 Kamaru ta ci kofin Afirka a Mali da riga marar hannu da kamfanin Puma ya yi mata. Da aka zo gasar kofin duniya ta Koriya ta Kudu da Japan a wannan shekarar, hukumar FIFA ta ce dokar wasa ba ta yarda ba, dole aka ɗinka wa rigar baƙin hannu. A 2004 kuma suka fito da riga haɗe da wando, aka ci su tara aka kuma zaftare musu maki 6, ko da yake daga baya an mayar musu da makin. A nan an manta da doka.

Na ƙarshe ya fi sauran nauyi. A 1997 kamfanin Nike ya janye takalma ƙafa 38,000 daga kasuwa, bayan Musulmi sun koka cewa wani adon harshen wuta da ke bayan takalmin ya yi kama da sunan Allah da rubutun Larabci. Da an nuna wa ko da ɗalibin allo ɗaya ne kafin a buga, da ya gani. A nan an manta da al'ada da addinin jama'a.

Abin da na gani a Abaji

Abaji tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja. Kafin a ƙirƙiro birnin tarayya a 1976 tana cikin tsohuwar Jihar Kwara ne, kuma Ona na Abaji shi ke shugabantar majalisar sarakunan yankin. Gari ne na tarin ƙabilu: akwai Igbira, da Ganagana, da Gbagyi, da Bassa, da Hausawa, da Fulani. Ni kaina Hausa ba harshen gidanmu ba ne, a kasuwa da filin wasa na koye ta kafin in zo in karance ta a jami'a. Haka ƙungiyar ƙwallon unguwarmu take, kowa da harshen da yake yi da mahaifiyarsa, amma idan za a ce "ba ni" ko "bar shi" a cikin fili, da Hausa ake faɗi.

A wani dogon hutu samarin ƙungiyar suka yi karo-karo don a yi riguna 18. Wani abokinmu da ke aiki a shagon kwamfuta ya ɗauki nauyin zane, ni kuma aka ba ni aikin duba rubutun da za a sa, tunda an ce ni ne "malamin Hausa". Zanen farko ya zo da launi huɗu: kore da fari da ja, da lambobi masu ruwan zinare da aka lanƙwasa su kamar rubutun katin biki. A ƙirji akwai dagin Arewa, a kafaɗar dama zaki, a ta hagu mikiya, a baya kuma karin maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A fuskar waya abin gwanin kyau, kowa ya ce a kai a buga. Na roƙi a dakata mako ɗaya, a buga riga guda tak, mu zaga da ita.

Mun fara da wani tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya, wanda ya buga ƙwallon gora a zamanin yana sakandare. Bai ce komai ba sai da ya sa wani yaro ya sa rigar ya tsaya a ɗaya ƙarshen fili. Sannan ya ce, "Ku faɗa mini lambarsa." Wasu suka ce 6, wasu 8. Ya ce, "To, ku da kuka san shi ke nan. Yaya alƙalin wasa zai yi idan zai ba shi kati?" Ya ƙara da cewa mu kula da safa, domin ɗan wasan da ke tafe da ƙwallo idonsa a ƙasa yake, balle mai ƙwallon gora da a sunkuye yake gudu, ƙafar ɗan'uwansa yake fara gani kafin ƙirjinsa.

Daga nan sai wurin mai buga riga. Ya ce, "Oga, ni kuɗi zan samu, amma gaskiya ɗaya ce. Kowane launi da nasa allon da nasa kuɗin, kuma waɗannan siraran gashin wuyan zakin ba za su kai wanki biyar ba za su ɓare." Mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan wasan, wadda ita ce wankin zai riƙa komawa kanta, ta murza yadin ta ce, "Yarana, kun manta jar ƙasar filinku? Wannan farin kwana ɗaya zai yi. Jan kuma idan ya zuba a kansa sai dai ku rina rigar gaba ɗaya." 'Yan wasan da suka gwada gudu da ita suka ce yadin ya yi kauri, kuma wanda ya san zafin Abaji a watan Maris ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Gyaran da ya fi muhimmanci daga wani dattijon unguwa ya fito. Ya daɗe yana duban rigar, sannan ya ce, "Wa ya saye ku?" Muka ce, "Baba, babu kowa." Ya ce, "Gabanku launin jam'iyyar lema, bayanku tsintsiya. Duk inda kuka shiga sai an ce an saye ku, kuma kowane ɓangare zai ce ɗayan ne ya saya." Babu ɗaya daga cikinmu da ya yi niyyar siyasa, amma mai kallo ba niyya yake gani ba, riga yake gani. Dokar ƙwallon ƙafa ta 4 ma ta hana sa take ko hoto na siyasa ko na addini a kayan wasa. Game da dagi kuwa, sai da aka keɓe da wasu 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya kafin suka faɗi abin da ke ransu. Wasu suna ganinsa alamar Arewa baki ɗaya, wadda Abaji take ciki tun zamanin jihohin lardi, wasu kuma suna jin kamar alamar wata ƙabila ce ban da tasu. A gaban taro babu wanda ya furta wannan, don kada a ce ya kawo rabuwar kai.

Abokinmu mai zane ya ji zafi da farko, kamar yadda duk mai sana'a zai ji. Bayan kwana biyu ya dawo da sabon zane: riga shuɗiya mai haske, da farin layi guda mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa ya ratsa ƙirji, alamar kogin Gurara da ya ratsa ƙasar Abaji, wanda ba na wata ƙabila ba ne. Lambobi farare manya, safa rawaya, a baya kuma kalmomi biyu kacal: Garinmu Ɗaya. Launin bugu ya koma ɗaya, kuɗin ya sauka, har rarar ta sayi ƙwallo.

Ba kowace shawara ake ɗauka ba

Na san akwai masu cewa idan aka biye wa bakin jama'a ba za a taɓa yin abin kirki ba, domin kowa da son ransa, kuma abin da kwamiti ya zana yakan fito lami, ba gishiri ba yaji. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Rigar da Nike ta yi wa Super Eagles don gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, mai zanen zikzak kore da fari da baƙi a hannu, wadda ta ɗauko salo daga rigar 1994, ba irin abin da taron mutane masu tsoron suka za su amince da shi ba ne. Amma da ta fito kasuwa ranar 1 ga Yuni, 2018, sai ga dogon layi a shagon kamfanin da ke Landan, ta kuma ƙare nan da nan. Ashe ƙarfin hali ma yana da ranarsa.

Haka kuma yawan waɗanda aka tambaya ba shi ne ba. A watan Janairun 2018 ƙungiyar Leeds United ta fito da sabon tambari, ta ce ta tuntuɓi mutum fiye da 10,000 kafin ta yi shi. Cikin 'yan sa'o'i dubban magoya baya suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, dole aka janye shi. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, tambayar mutum abin da yake so daban, nuna masa abin da aka yi daban. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga ƙa'idar da nake ganin ta dace. Mai ba da shawara aikinsa ya faɗi inda ke ciwo, mai zane kuma aikinsa ya nemo magani. Malamin wasanni bai ce a yi lamba fara ba, cewa ya yi ba a iya karanta ta. Dattijo bai ce a zana kogi ba, cewa ya yi za a ce an saye mu. A cikin makon nan mun sami wasu shawarwarin da mai zane ya ajiye gefe, kuma na goyi bayansa. Wani ya ce a sa laƙabin kowane ɗan wasa, alhali riga ta ƙungiya ce, gobe wani zai gaje ta. Wani ya ce a mayar da zaki domin shi yana son zaki. Wani mai hali ya ce zai biya rabin kuɗin idan za a sa hotonsa. Da an ɗauki duk waɗannan da an koma gidan jiya, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da za a auna shawara da shi shi ne: shin matsala ta nuna wadda za ta shafi wasa, ko aljihu, ko zaman lafiya, ko kuwa son rai ne kawai?

Akwai kuma masu cewa ƙungiyar da ba ta da fili mai kyau, ba ta da raga, ina ita ina zancen ado? Amsata ita ce, kuɗin rigar ana kashe su ko an yi wannan ko ba a yi ba, sai dai a yanzu suna tafiya ne wajen sayen jabun rigunan Turai. Idan aka sayo yadi ko rigar da ba ta da rubutu, tela na gari ya ɗinka, mai bugu na gari ya buga, yaron shagon kwamfuta ya zana, kuɗin a cikin gari za su kwana.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Wataƙila wani ɗan'uwa ɗalibi zai ce wannan ai aikin 'yan sashen zane-zane ne. Ni kuwa ina ganin muna da babban rabo a ciki. Da muka kai rigarmu wurin bugu, sai aka ce kwamfutar ba ta da Ɗ mai ƙugiya, a bar shi "Daya" kowa zai gane. Na ƙi, muka nemo harafin a waya aka sa. Tun cikin shekarun 1930 ake amfani da haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, kuma wayoyin zamani suna da su, saboda haka babu sauran uzuri. Ƙugiya ɗaya tana iya juya ma'ana. Ƙungiyar da ta so a rubuta mata "Masu ta da ƙura" idan aka bar ƙugiya ta zama masu ta da kura. Haka baƙi zai koma baki, ƙafa ta koma kafa. Kuskuren da aka yi a takardar jarrabawa malami ɗaya ne zai gani, wanda aka yi a bayan riga kuwa gari ne zai yi ta karantawa har rigar ta yage.

Bayan ƙa'idar rubutu, mu ne aka koya wa kirari da take da karin magana, da yadda kalma kan ɗauki wata ma'ana a wani wuri ko wani zamani, kamar yadda tsintsiya ta ɗauka a siyasar yau. Dubi taken Kano Pillars, "Sai Masu Gida". Kalmomi uku ne, amma sun ishi filin wasa guda amsawa. Mu ne kuma muke nazarin al'adu, muka san adon gine-ginen Zariya, da rinin Ƙofar Mata, da zanen ƙadangaru da kifaye da Ladi Kwali ta riƙa yi a jikin tukwanenta, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, kuma garinsu Kwali maƙwabciyar Abaji ce. Duk waɗannan taska ce da mai zanen riga zai iya ɗiba. Masu tambayar wane aiki mai digirin Hausa zai yi, ga ɗaya nan a bakin ƙofa.

Shawarwari

Ga duk ƙungiyar unguwa, ko ta makaranta, ko ta sashe a jami'a da ke shirin yin riga, ina ba da waɗannan shawarwari:

1. A fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rigar da aka zana ana jibi gasa babu lokacin gyara ta.

2. A buga guda ɗaya tak da farko. A sa ta, a yi gudu da ita, a wanke ta, a dube ta daga ƙarshen fili da rana da kuma gab da magariba.

3. A nuna wa mutane iri-iri: ɗan wasa, da alƙalin wasa, da mai bugu, da mai wanki, da dattijo. Abokai kaɗai ba su isa ba, domin aboki yabo ya fi yi masa sauƙi.

4. A tambayi mutane ɗaya ɗaya a keɓe, musamman a gari mai ƙabilu da addinai daban-daban. Abin da ba ya faɗuwa a taro yakan fito a zaure.

5. Idan ƙungiyar mata ce, su za a fara tambaya game da tsawon hannu da wando da abin rufe kai. Tun 2014 dokar wasa ta amince da rufe kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya ta mata da hijabinta.

6. A guji launi da alamar jam'iyya, a kuma guji sa ayoyi ko sunaye masu tsarki a rigar da za ta sha gumi da ƙasa.

7. A ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya duba kowane harafi kafin a buga.

8. A tsayar da ranar rufe karɓar shawara. Bayan wannan rana magana ta koma hannun mai zane.

Kammalawa

A taƙaice, rigar wasa ƙaramin abu ce, amma halin da take koyarwa babba ne, wato mutum ya yi aiki da hannunsa, ya fito da shi fili tun yana ɗanye, ya saurari gyara ba tare da fushi ba, sannan ya san abin da zai ɗauka da wanda zai bari. Wannan hali shi ɗalibi yake buƙata ranar da zai miƙa babin farko na kundinsa ga malami ya dawo masa da shi jajir da biro. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa, idan lokacin gasar sassa ya zo, mu fito da riga tamu, da takenmu da Hausa, da ƙugiyoyinsa cif-cif, bayan kowa ya gani ya yi gyara. Allah ya sa mu dace, amin.